Abin Da Ke Zaunar Da Ma'aikaci A Kajiji

Bayan haka, lalle ya kamata hukuma ta dubi al'amarin ma'aikatan da take turawa garuruwa irin su Kajiji, a ƙasar Shagari. Sau da yawa akan kawo malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, kafin damina biyu ya shiga neman a mayar da shi Sakkwato. Jama'a su ce ragwanci ne. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Hukuma ta sha gwada maganin kuɗi. An yi ƙarin Udoji a 1974. An mayar da mafi ƙanƙancin albashi Naira 30,000 a 2019, sa'an nan Naira 70,000 a 2024. A 2022 kuwa aka yi doka cewa malamin makaranta yana iya kai shekara 65 da haihuwa, ko 40 a bakin aiki, kafin ya yi ritaya. Duk wannan madalla. Sai dai doka tana tsare mutum a wurin aiki, ba ta sa shi ƙaunar aikin.

Idan rufin aji yana yoyo, yara suna zaune a ƙasa, ina amfanin ilmin malami? Idan mai naƙuda ta zo da dare, babu fitila, babu ruwa, babu magani, ungozoma ita ce za ta sha zagi a kan laifin da ba nata ba. Wanda ya ɗanɗani wannan kunya sau uku, ko bai tashi ba, himmarsa ta tashi. Kuma gwanaye su ke fara tafiya, domin su ake nema a ko'ina. Hasarar tana kan 'ya'yan talakawa.

Magabata sun san haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a da gyaran garuruwa, domin su zauna.

A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, shugabannin Shagari da Boɗinga su fara da abu huɗu: gidan kwana ga baƙon ma'aikaci, rijiya, kayan aiki, da ƙarin girma a kan lokacinsa ba tare da ubangida ba. Mutanen gari kuma su karɓi baƙonsu da mutunci. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wasalam.