Shayarwa a ƙarƙashin barazanar 'yan bindiga: Wa ya kamata a horar a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

A watan Yulin 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu sanadiyyar tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina tun daga farkon shekarar. Ga jaririn da bai kai wata shida ba, babu garkuwar da ta kai nonon uwa zalla. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kacal na jariran Najeriya ke samun hakan.

Tsarin kyautata shayarwa a asibitoci, wanda WHO da UNICEF suka ƙaddamar a 1991, ya tanadi matakai goma, na biyunsu kuwa shi ne horar da ma'aikata. Sai dai an gina shi ne bisa zaton cewa a asibiti ake haihuwa, alhali binciken na 2018 ya nuna matan Arewa maso Yamma da ke haihuwa a asibiti ba su kai biyu cikin goma ba. A Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 a Disamban 2020, da Faskari da Sabuwa, fargabar hanya ta ƙara nesanta mai naƙuda da asibiti, musamman da dare.

Don haka hukuncin sa'ar farko bayan haihuwa yana hannun ungozoma da kaka. Su ke cewa a zubar da dakashi ko a bari jariri ya sha, su ke ɗura masa ruwa ko bauri saboda zafin bazara. Horon da bai isa gare su ba ya tsaya a bakin zaure. Suna buƙatar jin cewa dakashi rigakafi ne, kuma kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne.

Gudun hijira ya ƙara wani nauyi. Uwar da ta tsere daga ƙauyenta kan ce firgici ya ƙafar mata da nono. Firgici na iya tsayar da zubowarsa na ɗan lokaci, amma yawan tsotso yana dawo da shi. Ma'aikaciyar da ba ta san haka ba za ta iya ba da shawarar madarar gwangwani, wadda idan aka dama da gurɓataccen ruwa takan jawo gudawa, gudawa kuma ta kai ga tamowa.

Makarantar horar da ungozomomi ta Malumfashi na maƙwabtaka da Ƙanƙara, saboda haka ba a rasa tushe ba. Kafin Makon Shayarwa na 1 zuwa 7 ga Agusta, tambayoyin da suka dace matasa su yi wa gwamnatin Dikko Umaru Radda da shugabannin ƙananan hukumomin uku su ne: cikin ma'aikatan da aka horar, nawa ke nan a wuraren aikinsu na ƙauyuka? Ungozomomin gargajiya nawa horon ya shafa? Kuma wane tanadin abinci aka yi wa uwar da ke shayarwa tana gudun hijira?