Rangadin 1976: wasu suka yi wasa, wasu suka biya kuɗinsa

A ƙarshen watan Yuni na 1976 ƙungiyar zari-ruga ta ƙasar New Zealand, wadda ake kira All Blacks, ta sauka a Afirka ta Kudu domin rangadin kusan wata uku. Wasa 24 aka tsara musu, huɗu daga ciki da ƙungiyar ƙasar, wato Springboks. Ga mutanen New Zealand da Turawan Afirka ta Kudu babu wata karawa da ta kai wannan, domin a wajensu zari-ruga ya fi ƙwallon ƙafa daraja nesa ba kusa ba, kuma kowace ƙasa tana ganin ita ce gwanar duniya. Sai dai ƙasar da suka sauka a cikinta tana tsakiyar zaman makoki.

Makonni biyu kafin wasansu na farko, ranar 16 ga Yuni, 'yan makaranta a Soweto suka fito zanga-zanga saboda an tilasta a koyar da su wasu darussa da harshen Afrikaans, harshen masu mulkin wariyar launin fata. 'Yan sanda suka buɗe musu wuta. Akwai hoton da Sam Nzima ya ɗauka a ranar, wanda duk wanda ya gan shi ba ya mantawa: wani saurayi, Mbuyisa Makhubo, yana gudu rungume da wani yaro, Hector Pieterson, jini na fita daga bakin yaron, hannunsa ya saki, yayarsa kuma na biye da su cikin kayan makaranta, ta ɗaga tafin hannu tana kururuwa. Kafin tarzomar ta lafa a faɗin ƙasar an kashe ɗaruruwan mutane, da yawansu yara. Hoton ya riga ya zagaya jaridun duniya kafin jirgin All Blacks ya tashi. Babu wanda zai ce bai sani ba.

Hujjarsu ita ce wadda har gobe ake maimaitawa duk lokacin da irin wannan ta taso: wasa daban, siyasa daban. Mu ƙwallo muka zo yi, ba mu muka harbi kowa ba. Firayim ministansu, Robert Muldoon, ya ma ci zaɓen 1975 ne da alkawarin cewa gwamnatinsa ba za ta hana 'yan wasa hulɗa da Afirka ta Kudu ba, bayan wani firayim minista da ya gabace shi, Norman Kirk, ya dakatar da zuwan Springboks a 1973.

Ni ban yarda da wannan hujja ba, kuma tarihin wasan kansa ne ya ƙaryata ta. Siyasa ta daɗe da shiga zari-ruga tsakanin ƙasashen nan biyu, kuma masu cewa a raba su ne suka buɗe mata ƙofa. A 1928, da 1949, da 1960, New Zealand ta tura ƙungiyarta Afirka ta Kudu ba tare da ɗan ƙabilar Māori ko ɗaya ba, alhali su ne 'yan asalin ƙasar, don kawai masu masauki ba sa son ganin mai duhun fata yana kayar da Bature a fili. George Nēpia, wanda ya buga dukkan wasannin rangadin Birtaniya da Faransa na 1924 zuwa 1925 yana matashi ɗan shekara 19, har ana ganin babu kamarsa, an bar shi a gida a 1928. Ba rauni ya ji ba, ba kuma ƙwazonsa ne ya ragu ba. A 1960 mutane fiye da 150,000 suka sa hannu a takardar koke cewa idan babu Māori to kada a je, hukumar wasan ta yi kunnen uwar shegu da su, aka tafi. Da firayim ministan Afirka ta Kudu, Hendrik Verwoerd, ya fito fili a 1965 ya nuna ba za a karɓi Māori ba, rangadin 1967 ya rushe. Sai a 1970 magajinsa John Vorster ya sassauta, aka bar 'yan wasa irin su Sid Going da Bryan Williams, mai jinin Samoa, suka shiga ƙasar, amma a matsayin Turawan je-ka-na-yi-ka. An ara musu farar fata ta 'yan watanni domin su kwana a otal ɗin da ɗan ƙasa baƙi ba ya shiga sai dai in shara ko wanke-wanke ya kai shi. To wa ya fara cusa siyasa a wasa? Gwamnatin da take zaɓa wa baƙonta 'yan wasa, take ware wa baƙaƙen 'yan kallo wani lungu a filin, ita ce za a ce ba ruwanta da siyasa?

Mutum ya ga an fito da gawar ɗan maƙwabci daga wani gida, ya san maigidan ne ya kashe shi, sannan ya shiga ya zauna a kan tabarmar maigidan ya ci tuwo, ya ce shi cin abinci kawai ya zo yi. Gaskiya ne bai kashe kowa ba. Amma zamansa a wurin ya gaya wa unguwa cewa maigidan har yanzu mutum ne da ake shiga gidansa, kuma abin da maigidan ke nema ke nan. Gwamnatin Afirka ta Kudu da ke Pretoria ta san an kore ta daga gasar Olamfik tun 1964, an kuma fitar da ita gaba ɗaya daga kwamitin gasar a 1970. Abin da ya rage mata, wanda magoya bayanta suka fi ƙauna, shi ne zari-ruga. Zuwan All Blacks a wannan lokaci ya zame mata shaidar da za ta nuna wa mutanenta cewa duniya ba ta juya musu baya ba.

Na san akwai masu cewa zuwan ya yi amfani ta wata fuska, kuma ba zan yi watsi da maganarsu ba. A 1970 baƙaƙe da masu ruwa biyu sun riƙa cika lungun da aka ware musu suna yi wa Bryan Williams tafi duk lokacin da ya keta Turawa da gudu, har wasu iyalai a yankin Cape suka gaji goyon bayan All Blacks daga iyayensu zuwa yau. Wannan abu ne mai taɓa zuciya. Wasu 'yan wasan sun yi imani da gaske cewa cuɗanya ce za ta sauya tunanin masu masaukinsu. Amma an gwada cuɗanyar nan a 1970, shekara shida suka wuce, abin da aka gani a ƙarshensu shi ne harsashi a jikin 'yan makaranta. Bayan wannan, ci gaba da cewa ana gyara ne ta hanyar wasa ya zama yaudarar kai.

Mu a nan, labarin ya shafe mu kai tsaye. Shugaban Majalisar Ƙoli ta Wasanni a Afirka a lokacin ɗan Najeriya ne, Abraham Ordia, sakatarensa kuma Jean-Claude Ganga na Kongo. Ordia ya je har New Zealand kafin rangadin domin ya yi gargaɗi, Muldoon ya ƙi ganinsa, ya kuma yi masa baƙar magana a bainar jama'a. Da aka taru a Montreal na Kanada domin gasar Olamfik, ƙasashen Afirka suka nemi a cire New Zealand. Kwamitin gasar, ƙarƙashin Lord Killanin, ya ƙi, ya ce zari-ruga ba ya cikin wasannin Olamfik, rabonsa da gasar tun 1924, saboda haka ba shi da iko a kan hukumarsa. Ana gab da bikin buɗewa na ranar 17 ga Yuli, ƙasashe fiye da 20 suka janye. Tanzaniya ta Julius Nyerere ba ta ma tura kowa ba tun farko. Najeriya, Nijar, Gana, Cadi, Sudan, Habasha, Kenya, Uganda, Zambiya duk suna ciki. Kamaru da Masar da Maroko da Tunisiya sun fara wasa sannan suka bi sahu. Iraƙi da Guyana suka mara musu baya. Sanigal da Kwaddibuwa ne suka tsaya. Mako guda bayan an buɗe gasar, ranar 24 ga Yuli, All Blacks da Springboks suka yi babban wasansu na farko a Durban kamar babu abin da ya faru.

Wannan ne wurin da ya fi damuna a duk labarin. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a 1976 ba haka aka yi ba. Waɗanda suka ja ruwan sun gama rangadinsu cif, aka cinye su wasa uku cikin huɗu, suka koma gida a watan Satumba suna ƙorafin alƙalan wasa. Waɗanda ruwan ya doka samari ne da 'yan mata da ba su taɓa riƙe ƙwallon zari-ruga ba. Sun yi shekara huɗu suna tashi da asuba, an ɗinka musu kaya masu launin tutar ƙasa, da yawansu sun riga sun isa masaukin 'yan wasa, sun ga filin da za su yi gudu a kai, sai umarni ya zo daga gida cewa a tattara kaya a nufi filin jirgi. Ɗan siyasa in ya faɗi zaɓe yana iya sake tsayawa bayan shekara huɗu ko takwas. Ƙafar mai tsere ba ta jira haka.

John Akii-Bua na Uganda, wanda ya ci zinare ya kuma kafa tarihin duniya a tseren mita 400 mai shinge a Munich a 1972, bai samu damar kare kambunsa ba. Mike Boit na Kenya, wanda ake sa wa rai a mita 800, ya dawo hannu rabbana. 'Yan ƙwallon ƙafar Najeriya, ciki har da Segun Odegbami yana kan ganiyar tasowa, da ɗan tsallen nesa Charlton Ehizuelen, duk suka dawo ba su taka fili ba. Sai kuma Filbert Bayi na Tanzaniya. Ranar 2 ga Fabrairu 1974, a birnin Christchurch na New Zealand ɗin kanta, Bayi ya yi wani tsere na mita 1500 da har yau ake ba da labarinsa: ya fita gaba tun daga tashi, bai bari kowa ya sha gabansa ba, ɗan gida John Walker ya taso masa a zagayen ƙarshe amma bai cim masa ba, su biyun duka suka karya tarihin duniya. A 1975 Bayi ya kafa sabon tarihi a tseren mil, bayan wata uku Walker ya ƙwace. Duniya ta zuba ido ta ga haɗuwarsu a Montreal. Walker ya je shi kaɗai ya ɗauki zinaren. Shi ma ba laifinsa ba ne, gudu yake yi, ba shi ya tura kowa Pretoria ba.

Duk da haka ina ganin janyewar daidai ce, kuma ina faɗin haka ne ina sane da cewa akwai tambayar da ke da nauyi: me ya sa New Zealand kaɗai? Ai ƙungiyar Lions ta Birtaniya da Ayilan ta je Afirka ta Kudu a 1974, Faransa ma ta je a 1975, ba wanda ya ƙaurace wa Olamfik saboda su. Akwai gaskiya a ciki. Ƙaramar ƙasa ta fi sauƙin nunawa da yatsa. Amma waɗancan ba su je ana tsakiyar binne yaran Soweto ba, kuma shugaban New Zealand ya mayar da tafiyar abin neman ƙuri'a. Ƙasashen Afirka a lokacin ba su da kuɗin da za su matsa wa kowa, ba su da makamin da zai tsorata Pretoria. Abin da suke da shi wanda duniya ke son gani shi ne 'yan wasansu, shi suka janye.

Kuma ya yi tasiri. A 1977 shugabannin ƙasashe renon Ingila suka amince da yarjejeniyar Gleneagles a Sikotland, wadda ta ɗora wa kowace gwamnati nauyin hana hulɗar wasanni da Afirka ta Kudu iyakar iyawarta. Najeriya ta sake ƙaurace wa wasannin ƙasashe renon Ingila a Edmonton a 1978 saboda tana ganin New Zealand ba ta cika alkawari ba. Babban sauyin a cikin gidan New Zealand ya faru. Da Springboks suka zo a 1981, kyaftin ɗin All Blacks na lokacin, Graham Mourie, ya ce ba zai buga ba, haka ma Bruce Robertson wanda ya je rangadin 1976 ya gani da idonsa. Cikin kwana 56 mutane fiye da 150,000 suka yi zanga-zanga. A Hamilton, ranar 25 ga Yuli, wasu ɗaruruwa suka karya shinge suka shiga tsakiyar fili, suka sarƙe hannuwa, 'yan kallo na jifansu da kwalabe, har aka soke wasan, alhali ana nuna shi kai tsaye a talabijin a Afirka ta Kudu. Malaman makaranta ne da limaman coci da ɗalibai da 'yan Māori, wasu ma masu son wasan ne tun suna yara. Gidaje sun rabu, wa da ƙani sun daina magana. A wasan ƙarshe a Auckland wani ya yi ta shawagi da ƙaramin jirgi a kan filin yana sako ƙullin garin fulawa. A 1985 kotu ta dakatar da wani rangadin da hukumar ta sake shiryawa, kuma All Blacks ba su koma a hukumance ba sai 1992, bayan an saki Nelson Mandela.

Yau idan ana maganar zari-ruga da wariya, abin da ake tunawa shi ne Mandela sanye da riga mai lamba 6 yana miƙa wa kyaftin ɗin Springboks, Francois Pienaar, kofin duniya a 1995, ko Siya Kolisi, baƙi na farko da ya zama kyaftin ɗin Springboks, yana ɗaga kofin a 2019 da 2023. Sun cancanci a tuna da su. A 2010 hukumomin wasan na ƙasashen biyu suka nemi gafarar 'yan Māori da aka ware, a lokacin da Nēpia ya yi shekara 24 a kabari. 'Yan wasan Najeriya da aka dawo da su daga Montreal kuwa, sai a 2023 aka tara waɗanda suka rage a Legas aka karrama su, aka rubuta sunayensu a jikin bango a Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje. Shekara 47 suka jira, kuma wasu daga cikinsu iyalansu ne suka karɓa musu.