Wayar mai ƙaramin ƙarfi: kada ƙyallin sikirin ya sa mu yi wa rogo kallon kitse

Duk wanda ya taɓa shiga lungun masu waya na Tip Toe a shataletalen Kwame Nkrumah da ke Accra, ko layin PZ na Adum a Kumasi, ya san yadda cinikin ke farawa. Mai shago zai zaro waya daga kwali, ya ƙure hasken sikirin, ya kunna bidiyon furanni ko na kifi a cikin ruwa, ya miƙo maka. Kafin ka buɗe baki ya jero maka lambobi: kyamara megafiksel 50, RAM giga 8, batir 5,000, sikirin 90Hz. Kai kuma ido ya riga ya gama ciniki, abin da ya rage kawai a rage maka sidi 50 ka ji ka yi nasara.

Ra'ayina a taƙaice shi ne mun juya lissafin baibai. Muna fara duba sikirin, sai farashi, manhaja kuwa ba ma ko tambaya. Ni a ganina manhaja ce ta ɗaya, hasken sikirin na biyu, farashi kuma a raba shi da yawan watannin da wayar za ta yi tana aiki lafiya. Zan faɗi dalilaina, zan kuma faɗi inda masu saɓa mini suke da gaskiya.

Mu fara da tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa: me wayar nan take yi mini? A zangonninmu, daga Nima da Mamobi zuwa Aboabo da Ashaiman, waya ta zama shago, ta zama banki, ta zama gidan waya. Hajiyar da ke sayar da waakye da safe ta waya ake biyanta. Tela ta WhatsApp yake karɓar ɗinki, ta nan yake tura hoton abin da ya gama. Mai okada da mai aboboyaa da ita ake kiransu. Tun da MTN ya kawo MoMo Ghana a 2009, kuɗin mutane da yawa ya tashi daga ƙarƙashin katifa ya koma cikin waya. To, akwatin da ka zuba dukiyarka a ciki, fentinsa za ka fara dubawa ko kwaɗonsa?

Kwaɗon waya shi ne manhajar da ke tafiyar da ita. Google na fitar da gyare-gyaren tsaro na Android a kai a kai, domin toshe ƙofofin da aka gano ɓarayin intanet na iya bi. Amma gyaran ba ya zuwa wayarka kai tsaye, sai kamfanin da ya ƙera ta ya ɗauka ya turo maka. Ranar da kamfanin ya daina turowa, daga ranar wayarka ta fara tsufa, ko da jikinta na sheƙi kamar amarya. Sannu a hankali manhajojin da kake amfani da su za su fara juya mata baya. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5.0 ba tun Oktoban 2023, manhajojin banki kuwa sun fi shi saurin rufe ƙofa ga tsohuwar waya.

Akwai kuma abin da ke zuwa cikin wayar tun daga masana'anta. A watan Agustan 2020, sashen bincike na Secure-D na kamfanin Upstream ya ba da rahoton cewa ya gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000, waɗanda aka sayar a ƙasashe irin su Ghana da Kamaru da Habasha da Masar da Afirka ta Kudu. Manhajar na ƙoƙarin yi wa mai waya rajistar abin da bai nema ba, tana cinye masa data da kuɗin kira. Kamfanin Transsion na Shenzhen a China, mai Tecno da Infinix da itel, ya ce matsalar ta shigo ne ta hannun wani mai kawo masa kayan haɗi, kuma ya riga ya fitar da gyara. Ban kawo wannan don ɓata sunan kowa ba. Na kawo shi ne don darasin da ke ciki: wanda wayarsa ke karɓar gyara ya tsira, wanda tasa ba ta karɓa yana nan yana zargin kamfanin layi da satar kati.

Saboda haka tambayar farko ga mai shago ita ce: shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta wannan wayar? Yanzu akwai amsa a rubuce ga wasu. Samsung ya yi wa Galaxy A15 alkawarin sabon Android sau 4 da gyaran tsaro na shekara 5. Da A16 ta fito a ƙarshen 2024 sai ya ɗaga zuwa sau 6 da shekara 6. Ƙaramarsu A06 ta samu sau 2 da shekara 4. Tecno da Infinix ma sun ba da irin wannan alkawari a 2024 a kan manyan wayoyinsu irin Camon 30 da Note 40, na shekara 3 na tsaro. Ba talla nake yi wa kowa ba. Abin da nake nunawa shi ne alkawarin ya zama kayan ciniki, kuma muna da haƙƙin tambayarsa. A Tarayyar Turai ma doka ce: daga 20 ga Yunin 2025, duk wayar da za a shigar kasuwarsu sai an ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da ita, a kuma samar da kayan gyaranta har shekara 7. Mu nan babu dokar da ta tsaya mana haka, bakinmu ne kawai dokarmu.

Kafin ka biya kuɗi, karɓi wayar ka shiga saiti, ka gangara wurin bayanin waya, ka duba abu biyu: lambar Android ɗinta, da kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In ka ga waya sabuwa dal a kwali amma gyaranta na ƙarshe ya haura shekara, ka san ta daɗe a sito, ko kuma masu ita sun manta da ita.

Sai batun RAM, inda aka fi yi mana wayo. In ka ga an rubuta giga 8 a jikin kwali da manyan baƙi, matso kusa ka karanta ƙananan. Sau da yawa za ka ga 4+4 ne. Huɗun farko su ne na gaskiya. Huɗun biyu aro ne aka yi daga ma'adanar waya, ita kuwa ma'adana ba ta kama ƙafar RAM a sauri ba. Kamar mai ɗaki ɗaya ne ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ce yana da ɗaki biyu. Waya mai RAM giga 2 ko 3 galibi Android Go take ɗauke da shi, wato ƙaramin Android da Google ya fitar a 2017 don wayoyi marasa ƙarfi. Ba laifi ba ne ga wanda kira da saƙon murya kawai yake yi. Amma mai sana'ar da zai buɗe WhatsApp da MoMo da Facebook a lokaci guda, ni dai ba zan ba shi shawarar ƙasa da giga 4 na gaskiya ba. Ma'adana kuma giga 64 a yau ƙaranci ce, domin manhajar wayar kanta ta cinye kaso mai tsoka kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya, ga bidiyon biki da na suna da wa'azi da ake ta turowa a guruf-guruf. In da hali, 128.

Ka kuma leƙa manhajojin da aka cuso a ciki. Wasu wayoyin masu araha na zuwa da kasuwar manhaja ta biyu, da wasanni, da burauza mai jefo talla har a kan sikirin da ke kulle. Wannan ma wani ɓangare ne na farashin, sai dai da datarka kake biyansa, kullum kaɗan-kaɗan. Gwada ka ga ko suna gogewa. Wanda ya ƙi gogewa, a ƙalla a iya kashe masa sanarwa.

Yanzu mu zo kan sikirin, don ban ce ba shi da muhimmanci ba. Shi ne abin da ido ke kallo awa da awanni. Amma abubuwa uku ne a cikinsa, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Na farko haske, wanda ake aunawa da nit. Wannan shi ne ya fi shafar mu, domin yawancinmu a rana muke neman abinci. Sikirin mai nit 400 zuwa 450 yana da kyau a cikin shago, amma fita da shi tashar Aboabo da azahar ka ga yadda za ka riƙa kare shi da tafin hannu kana ƙifta ido kafin ka karanta lambar da aka turo maka kuɗi. A nan ne ake yin kuskuren sifili ɗaya, a nan ne kuma mai saƙon bogi ke samun sa'a. Redmi 13C, alal misali, nit 450 ne, yana hawa 600 a rana. A15 na kaiwa 800. Gwajin ba ya buƙatar boko: ce wa mai shago ku fita ƙofa tare, ka buɗe saƙon rubutu a tsakar rana. In ya ƙi, ya ba ka amsa.

Na biyu kaifin rubutu. Yawancin wayoyi masu araha fiksel 720 a 1,600 ne a kan sikirin mai inci 6.6 ko 6.7, wato ɗigo kusan 260 a kowane inci. Masu 1,080 kuwa suna kusan 390. Ga mai kallon bidiyo bambancin ba wani babba ba ne. Ga mai karatu akwai shi. Ɗalibin da ke bitar darasi a waya, da dattijon da ke karanta rubutun Larabci mai wasulla da ɗige-ɗige, su ne za su ji shi a idanunsu bayan rabin awa. In wayar ta karatu ce, ƙarin kuɗin 1,080 bai faɗi ƙasa banza ba.

Na uku shi ne 90Hz ko 120Hz, wanda aka fi yi wa shela kuma ya fi kowanne ƙarancin amfani a waya mai araha. Ma'anarsa sau nawa hoton ke sabuntawa a daƙiƙa ɗaya. Yana sa jan shafi ya yi santsi, gaskiya ne, amma sai injin wayar na da ƙarfin bin sa. In injin rarrauna ne, wayar za ta ci gaba da sarƙewa, ga ƙarin shan batir. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Masu cewa a nemi AMOLED ko ta halin ƙaƙa, ina da ja a nan. Launinsa ya fi na LCD, baƙinsa baƙi ne na gaske, yana kuma rage shan batir in an sa baƙin bango. Amma ranar da ya faɗi a kan siminti fa? Canjin AMOLED na asali ya fi na LCD tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa za ka ga an maƙala wa waya sikirin na jabu, haske ya dushe, taɓawa ta yi nauyi. Tambayi mai gyara kuɗin sikirin ɗin wayar tun kafin ka saye ta. Wannan tambayar ta fi ta megafiksel amfani sau goma.

A nan ne kuma masu kare Tecno da itel da Infinix suke da hujja mai ƙarfi. Ba a banza Transsion ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani ta Afirka ba. Sun kawo batir mai jure ɗaukewar wuta, da layi biyu, da kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau, ga cibiyoyin gyara na Carlcare, ga kayan gyara a kowane lungu. Wayar da za a gyara maka a Tamale ko Bawku cikin awa ɗaya tana da wata daraja da ba a rubutawa a kwali. Haka nan wanda zai ce mini, "Malam, abin da ke hannuna ke nan," ba ni da bakin musa masa. Duk mun ga 2022, lokacin da dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara ta haura 14 a Nuwamba, farashin waya ya bi ta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Amma ko da kuɗin kaɗan ne, lissafin wata-wata ya fi na rana ɗaya gaskiya. Mu ƙaddara waya biyu, misali kawai. Ta farko sidi 1,200, bayan wata 18 ta cika, ta fara sarƙewa, ka gaji ka canza. Ta ci maka kusan sidi 67 a wata. Ta biyu sidi 1,800, ta yi maka shekara 3 tana karɓar gyara. Sidi 50 ke nan a wata. Wace ce mai arahar? Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuma na ƙara da cewa wani lokacin ba ta ma araha. In bambancin jiran wata biyu ne ko zubin adashi ɗaya, jiran ya fi.

Wannan lissafin ya shafi masu ɗaukar waya bashi a biya kullum, irin tsarin M-KOPA, inda wayar ke kullewa in ba a biya ba. Tsarin ya taimaki mutane da dama da ba za su iya biya a dunƙule ba. Sai dai ka ninka kuɗin kullum da yawan kwanakin, ka haɗa da kafin alƙalami, ka kwatanta da farashin kasuwa, sannan ka sa hannu. Ita ma tsohuwar babbar waya ta hannu da ake kawowa daga Turai, sikirin ɗinta zai burge ka, amma duba ko kamfaninta bai riga ya yaye ta ba, ka kuma tuna batirinta ya sha duniya.

Kira na ƙarshe ga 'yan'uwanmu masu shagunan waya, don da yawansu yaran zango ne. Uwa ta zo da kuɗin da ta tara wata shida tana soya ƙosai, ba ta san RAM ba, ba ta san nit ba, kai ta sani. Gaya mata huɗun gaskiya ne da huɗun aro. Gaya mata wannan za ta kai shekara uku, waccan da ƙyar ta kai biyu. Ka ba ta rasit da takardar garanti. Ribar ranar za ta iya raguwa, amma gobe ita za ta turo maka 'yarta da maƙwabciyarta. Mu kuma masu saye, mu riƙa tambayar shekarun sabuntawa a kowane shago har masu kawo kaya su gane cewa abin ya dame mu. Allah ya sa mu dace.