Gyaran Tashar Apapa: Na'ura Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Tun shekarar 1975, lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka yi cincirindo a bakin Ikko, wasu har suka share watanni ba a sauke musu kaya ba, ake ta fama da gyaran tashar Apapa. An buɗe tashar Tin Can a 1977 don rage mata nauyi. A 2006 kuma gwamnati ta sake tsarin aikin baki ɗaya: Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta koma matsayin mai gida, ta ba kamfanoni masu zaman kansu hayar wuraren sauke kaya, kamar APM Terminals wanda ya karɓi sashen kwantena. An sallami ma'aikata da dama, an kawo sababbin injunan ɗaga kaya, jirage kuwa suka rage jira.

To amma cunkoson bai mutu ba, ƙaura ya yi daga ruwa zuwa tudu. Masu tsarin sun gyara cikin tasha, suka tsaya a bakin ƙofa. Ba su tanadi isassun wuraren ajiye manyan motoci ba, ba su kuma tsara yadda za a riƙa mayar da kwantenar da aka juye ba. Saboda haka tireloli suka jeru a gadar Ijora da hanyar Oshodi, direbobi da yaransu, da yawansu 'yan'uwanmu ne daga Arewa, suna kwana da kwanaki bisa titi.

A watan Fabrairu na 2021 Hukumar ta fito da tsarin Eto, inda mai mota zai yi rajista ta intanet, ya jira a garejin da aka amince da shi har a kira shi. Babu shakka wannan dabara ta rage layi. Duk da haka direbobi sun ci gaba da kuka da masu tare hanya suna karɓar na goro, da 'yan kamashon da ke sayen tikiti su sayar da tsada. Dalili kuwa a fili yake. An sake na'ura, amma mutanen da suka saba cin abinci daga cunkoso suna nan inda suke.

Mu a namu ra'ayin, duk wanda zai gyara ma'aikata sai ya dubi abu uku tare: wane ne ke yin aikin, ta wace hanya takarda da kaya ke bi, sa'an nan wace na'ura ta dace. In aka fara da sayen kwamfuta kafin a rage teburan da takarda ke ratsawa, tsohon ciwo ne aka lulluɓe da sabon ƙyalle.

Muna kira ga Hukumar da ta riƙa zama da direbobi da leburori kafin ta yanke shawara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A rage shingayen kan hanya, a hukunta duk jami'in da aka kama yana karɓar kuɗi. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin direbobi da Sarakunan Hausawa na Ikko, ku sa a koya wa mutanenmu yin rajista da kansu, ku rubuta koke-kokensu da rana da wuri, ku kai gaba da murya ɗaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya sa a ji, a gyara.