A Tambayi Mai Gadi Kafin A Kafa Doka

Duk sa'ad da 'yan iska suka addabi Ikko, sai Hukuma ta ce za ta ji ra'ayin jama'a. Sai a kama zaure a babban otal, a gayyato lauyoyi da manyan 'yan sanda, a yi ta zuba Turanci har la'asar, a watse. To, ina mai gadin da ke kwana bakin ƙofa da tocila da sanda? Ina ɗan dakon Mile 12, wanda 'yan tasha ke tarewa kullum su karɓe masa kuɗi ba rasit? Waɗannan su ne suka san ɓarawo da sunansa, suka san lungun da ake sayar da ƙwaya. Ba a kiransu, in ma an kira su babu tafinta.

Ai mun ga ƙarshen gyaran da ba shawara. A watan Maris 1984 gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, soja suka koya wa mutane bin layi da bulala da tsallen kwaɗo. Da aka kifar da ita a Agusta 1985, layin ya watse tare da bulalar. A 2003 Jihar Ikko ta kafa rundunar KAI, wadda ƙarfinta ya ƙare a kan masu talla a gefen titi. Ran 1 ga Yuni 2022 kuwa aka hana acaba a ƙananan hukumomi 6, har da Ikeja da Surulere da Apapa, aka niƙe baburan da aka kama. Babu musu akwai ɓata-gari cikin 'yan acaba, amma wa ya fi shugabanninsu sanin ko su wane ne? Yaron da aka raba da babur ba a nuna masa wata sana'a ba, ina ake zaton zai nufa?

Ba kuwa za mu rufa wa namu asiri ba. A zangunanmu akwai samari masu shan tiramadol da sholisho, manya suna gani suna kau da kai. Rikicin Mile 12 na Maris 2016 da na kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairu 2021 duka daga 'yar hatsaniya suka tashi, zauna-gari-banzan kowane ɓangare suka hura wutar, mai tumatir da mai albasa suka biya.

Saboda haka lalle Majalisun Dokoki su sauko da zaman jin ra'ayi zuwa Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun, a yi shi da Hausa da Yarbanci, Sarkin Hausawa da Baale suna zaune wuri guda. Rassan jam'iyyarmu kuma su bi kasuwanni da tashoshi su rubuta koken jama'a, da sunan wurin da abin da ake karɓa kowace rana, su damƙa wa wakilanmu tun kafin a gabatar da wata sabuwar doka.