Ƙararrawar Ƙofa Mai Ido: A Shawarci Mutanen Gida Tukuna

Jama'a, akwai wani sabon abu da ya fara ɓullowa a ƙofofin gidajen zongo, nan Ankara da can Kumasi, wanda mu ke so mu yi magana a kansa tun bai zama ruwan dare ba. Watau ƙararrawar ƙofa mai ido. Girmanta bai fi tafin hannu ba, a kan kafa ta a bango dab da ƙofa. Tana da maɓallin dannawa da kyamara, tana jin magana, tana kuma mayarwa. In baƙo ya danna, kai ko bai danna ba ma, muddin ya gifta ta gabanta, sai ta aika da hotonsa ta intanet zuwa wayar maigida, ko yana kasuwar Kejetia ko yana Makka. Ya ga mai sallama, ya amsa masa kamar yana zaune a zaure. Wasu 'yan'uwansu na Amurka da Ingila da Jamus ke aiko musu da ita, wasu kuwa a kanti su ke saye.

Mu dai ba mu ƙi ta ba. Ɗan kasuwan da ke fita bayan asuba, ba ya komowa sai an yi magariba, yana da hujjar son sanin wanda ya zo ƙofarsa da rana. Haka tsohuwar da ke kwana ita kaɗai, in an ƙwanƙwasa da dare, gara ta ga fuska kafin ta zare sakata. Wannan amfani ne, ba mai musunsa.

Amma fa a tuna da irin gidan da aka ƙera ta dominsa. Wani Ba'amurke, Jamie Siminoff, shi ya fito da wadda ta fi suna a 2013, kamfaninsa kuwa, Ring, Amazon ta saye shi a 2018 a kan kimanin dala biliyan 1. Gidan da su ke nufi na iyali guda ne, ƙofarsa tasu ce su kaɗai, ga fili tsakaninsa da titi. To, ina wannan a Nima ko Aboabo? Namu gida ɗaki 10 ne ko 15, kowane ɗaki da iyalinsa, ƙofar fita kuwa ɗaya. Lungu kuma matsattse, ƙofarka na duban ƙofar maƙwabcinka. Idon na'urar nan mai faɗi ne, yana kwaso dama da hagu. Saboda haka wanda ya kafa ta don ya tsare ɗakinsa, ya sani ko bai sani ba, ya zama mai riƙe da lissafin shige da ficen mutum 50.

Nan ne mu ke so a tsaya a yi tunani. Wa ke zuwa ƙofar gida a zongo? Ba ɓarawo kaɗai ba. Akwai magidancin da kasuwa ta juya wa baya, ya jira sai an yi lisha, sawu ya ɗauke, sa'an nan ya zo neman rance wurin ɗan'uwansa, don kada a gan shi. Akwai matar da ta yi yaji ta zo wurin gwaggonta, da fatan a sasanta kafin gari ya waye kowa ya ji. Akwai mai zuwa wurin malam da damuwar da ba ya so ko matarsa ta sani. Akwai mai kawo zakka a ɓoye, da mai karɓa a ɓoye. Duk waɗannan, duhu da kawaicin mutane ne ke rufa musu asiri, zaman zongo kuwa a kan rufin asirin nan ya ke tafiya tun zamanin fataken goro. Na'urar nan tana gani cikin duhu, ta rubuta rana da sa'a, ta ajiye. In mabukaci ya san haka, ba zai zo ba. Zai kwana da yunwarsa.

An hore mu tun muna yara, mai sallama ya tsaya a gefen ƙofa don kada idonsa ya faɗa cikin gidan mutane, in ya yi sau uku ba a amsa ba ya koma. Ladabin nan ya ɗaure idon baƙo. Yanzu da ƙofar kanta ta sami ido, lalle ne maigida ya ɗaure nasa shi ma. Malamanmu ba su taɓa sassauta wa mai bin diddigin asirin mutane ba, ko da a ƙofar gidansa ya ke zaune.

Ga kuma maganar kunne, wadda ta fi ta ido nauyi. Mutane da yawa ba su san tana ɗaukar murya ba. A watan Oktoba na 2021 wata kotu a Oksfod ta Ingila ta ba wata mata gaskiya a kan maƙwabcinta da ya kafa irin wannan ƙararrawa da kyamarori, mai shari'ar kuma ta nuna ɗaukar maganar mutane daga nesa ya fi ɗaukar hotonsu illa. Nan Gana ma, a 2018 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ɗaukar maganar mutum ta waya ba da saninsa ba keta haƙƙinsa ne bisa sashe na 18 na tsarin mulkin 1992. Ku dubi dakalin ƙofar gida, inda dattawa ke hira da yamma, inda dillali da mai kaya ke ƙulla ciniki, inda a ke maganar aure tun ba ta fito fili ba. Yawancin na'urorin nan akwai wurin kashe ɗaukar murya a cikin waya. A kashe shi tun ranar farko.

Kada kuma a ce ai maigida kaɗai ke gani. Da yawansu can rumbun kamfani su ke tura hotunan. A 2023 kamfanin Ring ya yarda ya biya dala miliyan 5.8 bayan hukumar FTC ta gwamnatin Amurka ta kai shi ƙara. Cikin abin da hukumar ta faɗa, wani ma'aikacin kamfanin ya yi watanni a 2017 yana kallon dubban hotunan mata daga kyamarorin ɗakin kwana da na wanka. Don haka duk wanda zai ƙara kyamarori bayan ta ƙofa, kada ya kuskura ya juya ko ɗaya wajen tsakar gida, inda mata ke girki da wanki da shayar da 'ya'ya. Wannan ko shawara ba ya bukata. Wanda ke zaune a Turai yana duba wayarsa don ya ga wa ya shiga wurin iyalinsa, shi ma mu na ce masa ba tsaron gida ya ke yi ba, zargi ya ke kiwo.

Abin da ya fi tsorata mu shi ne ranar da aka yi sata. Sai a ɗauko hoton wani yaro da ya tsaya a ƙofa da rana, a watsa a WhatsApp, a ce ga ɓarawo. Hoton nan kuwa bai nuna ya ɗauki kome ba, tsayawa kawai ya yi. Mun san abin da kalmar nan ke jawowa a ƙasar nan. Ran 29 ga Mayu 2017 jama'a suka kashe Kyaftin Maxwell Mahama a Denkyira-Obuasi bisa zaton ɗan fashi ne, alhali soja ne ya fito motsa jiki, a Janairun 2024 kuma aka ɗaure mutum 12 rai da rai saboda shi. In hafsan soja bai tsira ba, ina ɗan talla, ina baƙon da ya sauka jiya daga arewa, bai ma san lungu ba? In akwai hoto, a kai wa 'yan sanda, a sanar da Sarkin Zongo. Kada a kai shi dandali.

Game da tsaron kansa kuwa, kada mai kanti ya ruɗe ku. Ƙararrawa ba ta kama ɓarawo, shaida kawai ta ke bayarwa, kuma ƙofar gaba kaɗai ta sani. Mai haurowa ta katangar baya ba ruwansa da ita. Ko da tana aiki da batir, in aka ɗauke wuta akwatin intanet na gida ya mutu, ba abin da zai iso wayarka. Wanda ya ga dumsor na 2015 ba sai an yi masa bayani ba. Wasu, irin su Ring, ba su ajiye maka hoto sai kana biyan kuɗin wata, ga kuma kuɗin data. Masu katin ajiya a jikinsu sun fi dacewa da mu, don hoton na nan gida. Wanda kuɗinsa bai isa duka ba, ya fara da kwaɗo mai kyau, da fitila a lungu, da ba da nasa kason na kuɗin mai gadi.

Wanda ya ƙudura zai kafa, to, ya tara 'yan haya tukuna, ya leƙa wurin maƙwabcin da ƙofarsa ke duban tasa, ya nuna musu a waya iyakar abin da na'urar ke gani. Masu ƙera ta sun ce a kafa ta kamar ƙafa 4 daga ƙasa. A karkata ta ta dubi bakin ƙofa, a rufe sashen da ya faɗa gidan wani, don da yawansu suna da wurin yin haka. A sa mata lambar sirri mai ƙarfi, kada a bar ta a hannun yaron da ya zo kafawa. A yanke tun farko wa zai riƙe hotunan, kwana nawa kuma za su yi kafin a goge. In ɗan haya ɗaya ya ce bai yarda ba, a saurare shi, domin shi ma ta ƙofar nan ya ke shiga, kuma ya biya kuɗin ɗakinsa.