Karatun Kwamfuta: Wa Ya Tambayi Halin Da Yaran Ke Ciki?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta soke rubuta jarrabawar shiga jami'a da takarda, ta ce kowa sai da kwamfuta. Masu yanke wannan hukunci a Abuja suke zaune, amma masu shan ɗacinsa su ne 'ya'yan manoman Funtua, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da ƙauyukan Malumfashi, waɗanda da yawansu kan gama shekara shida a sakandare ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Uba ya sayar da buhun masara ko waken soya ya biya kuɗin rajista da na mota, yaro ya kwana bai runtsa ba, gari na wayewa a zaunar da shi gaban na'urar da bai saba da ita ba, ga agogo yana gudu a gefenta. Abin da ya sani ma sai ya ɓace masa. Idan sakamako ya fito a kira shi daƙiƙi, shi ma ya yarda, ya shiga ɗaki ya daina magana da kowa.

Kada wani ya ɗauka ƙarin gishiri ne. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa matsalar na'ura ce ta ɓata sakamakon yara 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Kafin hawayen nasa, jaridu sun ruwaito cewa wata yarinya 'yar shekara 19 a Legas ta kashe kanta saboda makin da aka ba ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Amma duk da haka, a wannan shekarar Ministan Ilimi Tunji Alausa ya shelanta cewa jarrabawar WAEC da ta NECO su ma kwamfutar za su koma.

Ta ɗaya ɓangaren kuma ga wayar salula. Lokacin da aka rufe makarantu saboda korona a 2020, an ce yara su ci gaba da karatu ta rediyo da intanet. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Funtua da Malumfashi da Bakori, sai a Disamba aka maido. Wannan shi ne yankin da ake wa wa'azin karatun intanet! To amma kalmar ta riga ta shiga gidaje, yanzu yaro kan ce wa mahaifinsa wayar karatu yake so, bawan Allah ya matse ya saya masa, yana ganin gata ya yi. Karatun na minti goma ne, sauran dare na TikTok ne da cacar ƙwallo. Asuba ta wuce shi, a Islamiyya gyangyaɗi, hadda ta zube, abu kaɗan sai fushi, idan data ta ƙare kamar an yi masa mutuwa. Sai iyaye su ce jinnu ne, a kira mai ruƙiyya, alhali aljanin yana ƙarƙashin matashin kai.

Wani abin lura shi ne ƙasashen da suka riga kowa shiga wannan harka su ne yanzu ke ja da baya. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. Sin, inda ake ƙera galibin wayoyin, ta hana shiga da su makaranta a 2021 sai da takardar iyaye, ta kuma taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa uku a mako. Suwidin ta koma sayen littattafan takarda a 2023, shekarar da UNESCO ta yi gargaɗi kan waya a aji. Ostareliya kuwa daga Disamban 2025 ta haramta shafukan sada zumunta ga duk wanda bai kai shekara 16 ba. Waɗannan ba wa'azi suka ji ba, 'ya'yansu suka duba suka ga barci ya ƙaura, hankali ba ya tsayawa kan karatu.

Musulunci ba ya gaba da ilimi, kuma kwamfuta kayan aiki ce kamar garma. Sai dai babu manomin da zai ɗaura wa maraƙi garma ranar farko ya ce ya nome gona, in ya kasa ya zane shi. Hukumar da ba ta kai kwamfuta da wuta makarantar ƙauye ba, ba ta da hujjar jarraba ɗan ƙauye da ita, kuma wajibi ne ƙungiyoyin iyaye da malamai na yankin nan su faɗa mata haka da babbar murya kafin lokacin rajista. Yara amana ne, kuma uba za a fara tambaya. Don haka limamai su riƙa faɗa a kan mumbari cewa waya ta kwana a hannun uba bayan sallar Isha'i, kuma yaron da ya faɗi jarrabawa a zauna da shi a ji damuwarsa kafin a fara yi masa gori da kuɗin masarar da aka kashe.